Yadda ake zaɓar tsayin silin sabon gida kafin a zuba ɗamarar sama

Ranar da aka ɗaura fankar falo a sabon gidan yayana a nan Garwa, arewacin Kamaru, babban ɗansa, wanda Allah ya hore wa tsawo, ya yi miƙa yana hamma, yatsunsa suka bugi fiffiken fankar. Allah ya taimaka a kashe take. Muka ɗauko mita muka auna daga tayil zuwa silin, muka sami mita 2 da santi 55. A zanen gidan kuwa mita 3 cif aka rubuta. Yaya ya aika aka kira maginin, wani dattijo da ya yi wa mahaifinmu aiki tun muna yara, ya ce, "Baba, ina sauran ya shiga?" Dattijon ya ce, "Alhaji, ni layukan da na saba yi su na yi, ko ɗaya ban rage ba."

Gaskiya ya faɗa, ba wanda ya ci amanar wani. Da muka zauna muka bi lissafin, santi 15 sun tafi a cikon da aka ƙara bayan an ga hanya ta fi ƙofar gida tudu. Daɓe da tayil sun ci 7. Bulon da aka buga ya ɗan gaza, ya cinye kusan 8. Adon filastan silin da uwargida ta zaɓa, wanda ake kira istaf, ya sauko da 15. Kowa ya ɗan yago nasa, shi ke nan santi 45 suka salwanta.

Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni tsayin da ya dace da silin, ko plafon kamar yadda muka fi faɗa a nan, ba na fara ba shi lamba. Ga yadda nake bi da shi kafin a zuba ɗamarar sama, wato kankaren da ke ɗaure saman bangon gida duka.

Mataki na farko: ku daidaita a kan wane tsayi kuke magana

Idan maigida ya ce mita 3, yana nufin daga inda ƙafarsa za ta taka zuwa abin da zai gani in ya ɗaga kai. Idan magini ya ce mita 3, yawanci yana nufin bangon da ya ɗora daga kan harsashi. Idan mai zane ya ce mita 3 a gidan bene, wani lokaci daga daɓen ƙasa zuwa daɓen sama yake nufi, har da kaurin kankaren tsakani. Mutum uku, magana ɗaya, awo uku.

Wanda ya shafe ka shi ne na farko: daga saman tayil bayan an gama komai zuwa ƙasan silin bayan an gama komai. A Kamaru dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 ta wajabta neman izinin gini a ofishin magajin gari, don haka wanda ya nemi izinin yana da zane a hannu. Kada ka tsaya a shafin da ke nuna ɗakuna daga sama. Ka nemi shafin da aka yanka gidan a tsaye, wanda masu zane ke kira kup, a nan tsayi yake. Ka sa mai zanen ya rubuta maka da biro cewa wannan lamba daga tayil ce zuwa silin.

Mataki na biyu: tsayar da matakin daɓe tukuna

Ba a auna tsayi sai an san daga ina za a fara. Ka fita bakin hanya ka dubi tsakiyarta, ka tambayi maƙwabta inda ruwa ke kaiwa a watan Agusta. Ni ina son daɓen cikin gida ya fi tsakiyar hanya da santi 40 zuwa 60, domin hanyoyin unguwa hawa suke yi: yau an zuba jar ƙasa, gobe an shimfiɗa duwatsu ko kwalta, gidanka yana nan inda yake. A Kusuri da Njamena, bayan ambaliyar kogunan Shari da Logon ta 2022 da ta 2024, mutane da dama sun ƙara ciko a ɗakunansu, kuma duk santin da aka ƙara a ƙasa daga tsayin ɗakin aka cire shi. Idan filinka a kwari yake, ka ɗaga harsashin tun yanzu, sannan ka fara ƙirgen bango daga sabon matakin.

Mataki na uku: da me za ka sanyaya ɗakin?

Wannan tambaya ita ce ke yanke rabin hukuncin, kuma ka amsa ta da aljihunka na yau, ba da burinka ba.

Idan fanka ce, lissafin a fili yake. Fiffikenta kada ya yi ƙasa da mita 2 da santi 30 daga daɓe, kuma iskarta ta fi daɗi idan tana tsakanin 2.40 da 2.70. Tana kuma bukatar sarari kamar santi 30 a samanta don ta sami iskar da za ta jawo. Fankar da ta manne da silin ba ta ba da iska sosai. Fankar kasuwa da sandarta takan sauko santi 40 zuwa 45. Ke nan silin da bai kai 2.75 ba bai dace da fankar sama ba, kuma mita 3 ya fi kwanciyar hankali. Ka tuna yara suna hawa gado su yi tsalle, ana ɗaga gidan sauro, ana kaɗe tabarma. Idan kuma ka wuce 3.30, sai mai walda ya ƙara wa sandar tsawo, in ba haka ba fankar tana can sama tana juya iska mai zafi, kai kana ƙasa kana gumi.

Idan klim ce, wato na'urar sanyaya ɗaki, abin ya juya. Ɗaki mai faɗin mita 4 da tsawon mita 4, idan tsayinsa 2.80 ne, iskar cikinsa ta kai mita kubik 44.8, wato faɗi sau tsawo sau tsayi. Idan ka kai shi 3.50, ta zama 56. An ƙara kashi ɗaya cikin huɗu na iskar da na'ura za ta yi ta fama da ita, an kuma ƙara faɗin bangon da rana ke duka. Duk wata takardar wuta za ta tuna maka. Ɗakin kwanan da aka tabbata klim zai yi amfani da ita, 2.80 zuwa 2.90 ya ishe shi.

Amma fa a yi hattara. Babban tushen wutar arewacin Kamaru madatsar Lagdo ce a kan Binuwai, kuma lokacin da ruwanta ke ja da baya shi ne lokacin da zafi ke kan ganiyarsa, Maris da Afrilu, sa'ad da Garwa da Marwa ke haura digiri 40. Ɗakin da aka gina gajere saboda klim, daren da wuta ta ɗauke ya zama tanda. Shi ya sa ko ga mai klim ba na ba da shawarar a sauka ƙasa da inda fanka za ta iya rataya lafiya. A Gaundare kuwa, da ke kan tudu sama da mita 1,000, inda dare ke da sanyi har a nemi bargo, 2.80 ko 2.90 ba laifi ko babu klim.

Mataki na huɗu: dubi abin da ke saman silin

A nan mutane suka fi yin asara, don haka zan ɗan daɗe.

An saba cewa dogon ɗaki ya fi sanyi domin iska mai zafi sama take hawa. Haka ne, tana hawa. To in ta hau ina za ta? Idan babu ƙofar fita, taruwa take yi tana sauko maka a hankali, kamar hayaƙi a madafar da ba taga. Ban da haka, zafin da ke damun mai gidan kwano ba na iska ba ne kaɗai. Kwano a tsakar ranar bazara yakan yi zafin da ba ka iya ɗora masa tafin hannu, ya gasa iskar da ke tsakaninsa da silin, silin ya ɗauka, shi kuma ya riƙa feso maka a ka kamar kana zaune kusa da garwashi. Ƙarin santi 30 yana rage wannan, amma kaɗan. Na shiga falo mai mita 4 a Marwa da ba a iya zama a cikinsa da la'asar, na kuma kwana a ɗaki mai 2.90 a garin Gidar da ya fi shi daɗi nesa ba kusa ba. Bambancin a saman silin yake.

Mutanen Muzgu na wajen Pus da Maga sun riga mu gane wannan. Ɗakunansu na laka masu siffar tulun da aka kife, waɗanda wasu ke kaiwa kusan mita 9, a can ƙoli akwai rami da ake rufewa in ruwa ya zo. Tsayin yana tara zafi da hayaƙi, ramin yana fitar da su. Ɗayan ba ya aiki sai da ɗayan.

Saboda haka, kafin ka biya kuɗin ƙarin layin bulo, ka tabbatar da abubuwa uku. A bar ƙofofin iska tsakanin kwano da silin, a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, da bulo mai huji, a sa musu raga mai ƙarfi. Ragar ba ta ado ba ce: jemagu da tattabaru in suka sami hanya, warin kashinsu sai ya kore ka daga ɗakin. Na biyu, a ba kwanon gangara sosai don sararin da ke ƙarƙashinsa ya yi yawa. Rufin ɓoye da ake yayi yanzu, wanda ake kewaye kwano da bango a kwantar da shi kusan a miƙe, yana da kyau daga waje, amma shi ya fi kowane riƙe zafi idan ba a huda masa hanyar iska ba. Na uku, a shimfiɗa wani abu mai tare zafi, ko takardar alminiyom a ƙarƙashin kwano, ko audugar gilashi a kan silin. Iyayenmu zana suke shimfiɗawa, kuma tana aiki, sai dai gara da gobara.

A cikin ɗakin ma, ƙananan tagogi a can sama kusa da silin, ko a saman ƙofa, su ne ke sa tsayi ya yi amfani. A yi su masu rufewa, domin in hunturu ya kama a Disamba da Janairu, ƙura ta nan za ta shigo.

Rufin kankare, wato dal, halinsa daban. Da rana ya fi kwano sanyi, amma yana shan zafi yini guda ya riƙa sakinsa da dare, daidai lokacin da kake neman barci. Ɗakin da dal ɗinsa ke fuskantar rana kai tsaye yana son tsayi da tagogin sama fiye da kowa. Wanda akwai bene a kansa kuwa yana cikin inuwa, ba ya bukatar da yawa.

Mataki na biyar: ɗaki ɗaki

Tsayi yana tafiya da faɗi. Maginan gargajiya sun san haka: azara ba ta iya tsallake fiye da kimanin mita 2 ita kaɗai, don haka in ana son zaure mai faɗi sai a ɗaura bakan gizo, kuma gwargwadon faɗin zauren gwargwadon hawan bakan. Falo mai mita 5 da 7 a ƙarƙashin silin 2.70 sai ka ji kamar an danne ka. Banɗaki mai mita ɗaya da rabi a ƙarƙashin 3.30 kuma kamar rijiya.

Maganin ba shi ne a gina kowane bango da nasa tsayin ba. A zuba ɗamarar sama a mataki ɗaya duk gidan, ya fi ƙarfi, ya fi sauƙi ga kafinta. Sai a sauko da silin inda ake so: banɗaki da lungun tsakanin ɗakuna zuwa 2.50 ko 2.60, sararin da ya rage a sama ya ɗauki bututu da wayoyi. Madafa kuwa kada a rage mata, ita ta fi kowa bukatar tsayi da tagar sama. Ke nan ɗakin da ya fi kowa bukatar tsayi, yawanci falo, shi ke tsayar da na gidan duka.

Kuma ku yi shawara da uwargida tun yanzu a kan adon silin. Idan istaf mai hawa biyu take so, da fitilu a ɓoye da fitila mai reto a tsakiya, wannan zai ci santi 15 zuwa 30. Gara a sani kafin a zuba kankare.

Mataki na shida: mayar da mita zuwa layin bulo

Magini ba ya gini da mita, da layi yake gini. Duk lambar da ka zaɓa, sai ka juya ta zuwa harshensa.

Bulon siminti da muke bugawa a nan tsayinsa santi 20 ne, tsawonsa 40. Da kwaɓin da ke tsakani, kowane layi yakan tashi kusan santi 22. Ga yadda bango ke hawa daga kan ɗanyen daɓe a gidan kwano:

Layi 10 sun kai mita 2.20. A nan ake zuba linto, wato kankaren da ke kwance a saman ƙofofi da tagogi, kaurinsa santi 20, an kai 2.40. Daga nan sai layukan saman linto, sannan ɗamarar kankare da ke ɗaure gidan duka, wadda magina ke kira shenaj, ita ma santi 20. Sai ka cire kamar santi 7 na daɓe da tayil, da wasu 7 na katakon silin da allonsa.

In ka yi wannan lissafi, layi ɗaya a kan linto zai bar maka kimanin 2.68. Layi biyu, 2.90. Layi uku, 3.12. Layi huɗu, 3.34.

Ka ga ashe duk dogon zancen nan ya dawo tambaya ɗaya da za ka amsa wa magini: layi nawa a kan linto? A ganina, a Garwa da Marwa da Kusuri da Njamena, gidan kwano mai fanka layi uku ne daidai. Layi huɗu na mai babban falo ne ko mai son istaf. Layi biyu na Gaundare ne, ko ɗakunan haya, ko mai klim da ya tsare saman silinsa da kyau. Layi ɗaya kuwa sai shago ko ɗakin ajiya. Abin da ya wuce huɗu a gidan zama, in ba masallaci kake ginawa ba, yawanci don idon baƙi ne, kuma kai za ka riƙa neman tsani duk ranar da ƙwan fitila ya mutu ko yanar gizo ta taru.

Akwai tarko biyu a wannan lissafi. Na farko, bulon hannu ba kullum yake cika 20 ba. Wani ma'aunin ya tsufa, wani mai bugawa ba ya cika shi, sai ka sami 19 ko ƙasa. Santi ɗaya sau layi 13 ya zama 13, fiye da rabin layi. Ka ɗauki bulo biyar daga wurare daban na tarin ka auna da kanka. Idan jan bulo ne na ƙonawa, irin wanda aka fi gini da shi a Njamena, girmansa ya danganta da inda aka yi shi, don haka a jera layi biyar da kwaɓinsu, a auna, a yi lissafi da abin da aka gani.

Na biyu ya shafi masu dal. A nan sau da yawa ɗamarar tana shigewa cikin kaurin dal ɗin, ba ta ƙara wa ɗaki tsayi. Layi biyu a kan linto da suka ba mai kwano 2.90, mai dal 2.75 za su ba shi bayan yaɓe. Yana bukatar uku kafin ya kusanci mita 3. Kuma ka tambayi injiniyan ina manyan bim za su bi, wato kankaren da ke kwance yana ɗauke da dal, waɗanda ake kira putur, da santi nawa za su sauko ƙasan dal. Wanda ya ratsa tsakiyar falo ya sauko da 30 ko 40, daga ƙasansa ido zai riƙa auna ɗakin. Ƙugiyar fanka ma a sa ta kafin a zuba kankare.

Mai ginin ƙasa shi ma yana da nasa ƙa'ida: tsayin bango kada ya wuce kaurinsa sau 8 zuwa 10. Bango mai kaurin santi 30 iyakarsa wajen mita 3. In kana son fiye da haka, sai ka ƙara kauri tun daga tushe.

Mataki na bakwai: kuɗin layi ɗaya

Kada ka yarda da "ai ba wani abu ba ne" ko "ai tsada ne" sai ka ƙirga. Ɗauki gida mai mita 12 da 10, wanda bangonsa na waje da na ciki suka kai kamar mita 80 in an haɗa. Layi ɗaya zai ci bulo wajen 190, kuma babu ragin ƙofa ko taga tunda a saman linto ne. Buhun siminti mai kilo 50, na masana'antar garin Figil ne ko wanda ya shigo daga Najeriya, yakan buga bulo mai kaurin 15 guda 30 zuwa 35 idan ana son mai ƙarfi, ke nan wajen buhu 6, ban da na ɗorawa. Yaɓe ciki da waje zai ƙaru da kusan murabba'in mita 35, fenti ma haka. Ka buga da farashin yau a garinku, ka ƙara ladan magini. Za ka ga a cikin kuɗin gida duka layi ɗaya ba shi da yawa, alhali ƙara shi bayan an yi rufi sai an kwance kwano da katako gaba ɗaya.

Rodi ma yana da tasa magana. Tsawonsa mita 12 ne, in an yanka uku kowane ya zama 4. Muddin tsayin ginshiƙi, da lanƙwasar da ke shiga ɗamara, da abin da za a bari a sama saboda bene nan gaba ba su wuce mita 4 ba, rodi ɗaya zai ba ka uku. Da zarar sun wuce, biyu za ka samu da guntu. Wannan shi ne inda farashi ke yin tsalle ba ka lura ba.

Dogon bango kuma ya fi tarar iska. Guguwar farkon damina da ke yaye rufi a yankin nan ba ta wasa, don haka a bar rodi ƙanana a cikin ɗamara da za a naɗe katakon rufi da su, kada a dogara da ƙusa. A kuma ƙara wa bakin kwano tsawo, domin inuwar da ta isa gajeren bango ba za ta rufe dogo ba, musamman na yamma. A ƙasar karal ta wajen Marwa, mai kumbura da damina ta tsage da rani, duk nauyin da ka ƙara a sama sai harsashi ya san da shi.

Mataki na takwas: in da niyyar bene

Kowane santi na tsayin ƙasa sai an taka shi da ƙafa. Idan ɗakin ƙasa 2.97 ne, ka haɗa da dal mai santi 20 da yaɓe da tayil na sama, daga daɓe zuwa daɓe ya kai wajen 3.26. Matakala mai daɗin hawa santi 17 ce, ke nan taki 19. Ƙara layi biyu, ya zama 3.70, taki 22. Takun nan uku, kowane da faɗin santi 28, sun ci ƙarin santi 84 na fili, kuma Hajiya ce za ta riƙa hawansu da ciwon gwiwa. Tunda ƙasan bene yana cikin inuwa, a bar shi wajen mita 3, a kai tsayin sama inda rana ke duka.

Mataki na tara: a wurin gini

Abin da aka yanke a takarda sai an kafa shi a bango. Da zarar gini ya kai ƙugu, ka sa a ja layin mita ɗaya: a zaɓi inda saman tayil zai tsaya, a auna mita 1 daga nan, a zagaya da wannan mataki duk ɗakuna da siririn tiyo mai ruwa a ciki, a ja layi da alli ko shuni. Daga ranar, mai tayil da kafinta da mai wuta da mai ƙofa duk daga wannan layi za su riƙa awo. In silin 3.12 ne, daga layin zuwa sama 2.12 ne, ba gardama.

Sannan ka samo miƙaƙƙen katako, ka zana masa matakin tayil, da na linto, da na ƙasan ɗamara, da na silin, ka ajiye shi a wurin. Magini ya fi yarda da sanda da yake gani a kan takarda da ke aljihunka. Ka yi masa magana da girmamawa, ka ce, "Baba, ga abin da nake so ya rage bayan tayil da silin, a ganinka layi nawa zai ba mu?" Ka bar shi ya ƙirga da bakinsa. Abin da ya faɗa da kansa ba zai musa ba gobe.

Ranar da kafinta ya kafa katakon zuba ɗamara, kafin a kwaɓa siminti, ka zo da kanka. Ka auna a kusurwa huɗu na gidan da tsakiya. Ka tsaya a falo ka ɗaga sandar, ka sa wani ya riƙe kwali a inda fiffiken fanka zai kasance, ka miƙa hannu. Idan zuciyarka ta ce ya yi ƙasa, yau ƙarin layi kuɗin bulo 190 ne da jinkirin kwana biyu.

Idan an riga an zuba amma ba a yi rufi ba, har yanzu ana iya ɗora layi ɗaya ko biyu a kan ɗamarar a sake zuba wata siririya a sama, a haɗa ta da rodin ginshiƙai. Idan kuma an yi rufi, sai dabara: a bar istaf, a buga allon silin a jikin katakon rufi yadda zai bi gangarar kwano ya hau a tsakiya, a sa abin tare zafi a bayansa, a shafa farin fenti.

Yaya dai cire istaf ɗin tsakiyar falo ya yi, ya bar na gefe don kada ran uwargida ya ɓaci, ya sami santi 15 ɗinsa. Fankar sama ya mayar da ita baranda, ya kafa biyu na bango, ya sa aka huda bulo shida shida a gabas da yamma a ƙarƙashin kwano. Yanzu yana ginin ɗakuna biyu a bayan gida saboda babban ɗan nasa, kuma da na leƙa makon jiya na tarar da Baba magini da sandar awonsa a jingine, layi uku a kan linto.